Koyar da yaro a gida ko kai shi makaranta: abin dubawa kafin a zaɓa

Tun da korona ta rufe makarantun Ghana daga Maris 2020 zuwa Janairun 2021, wasu iyaye a unguwannin Nima da Mamobi da Madina na yankin Accra suka ga ashe yaro na iya koyon karatu a tsakar gida. Dalilan masu wannan ra'ayi ba na banza ba ne. Wani so yake ɗansa ya haddace Alƙur'ani tun ƙwaƙwalwa na ɗanya, boko kuwa ta cinye yinin. Wata cunkoson aji ne ya dame ta, ko kuɗin makarantar kuɗi, ko tashin asuba da jiran trotro. Akwai kuma mai yaron da ba ya saurin ɗauka, kullum ana barinsa a baya.

Makarantar gwamnati ita ce mafi sauƙi ga aljihu: shekara 2 a KG (ajin share fage), 6 a firamare, 3 a JHS (ƙaramar sakandare), kuma makaranta ce ke yi wa yaro rajistar BECE, jarrabawar kammala JHS. Inda take gazawa shi ne kula da kowane yaro shi kaɗai. Makarantar kuɗi kuwa a shiga aji a gani da ido, kada fentin bango ya ruɗi kowa.

Zaɓin da nake ganin ana tsallakewa shi ne makarantun Islamic Education Unit (sashen ilimin Musulunci), waɗanda ke ƙarƙashin hukumar ilimi ta Ghana, GES, tun 1987. Ana koyar da manhajar ƙasa tare da Larabci da addini, kuma daga 2024 Larabci ya shiga darussan da ake iya zaɓa a BECE. In addini ne babban dalilinku, ku fara leƙa nan. Sai dai ba duka suke ɗaya ba; a tambayi awa nawa ake bai wa Alƙur'ani a mako.

Karatun gida shi ne mai nauyi, kuma a gidajenmu nauyin kan uwa yake sauka. Wa zai zauna da yaron kowace safiya, in Hajiya na kasuwa, Alhaji na tasha? A gidan haya mai yawan jama'a, ina wurin da babu hayaniya? Ba kyauta ba ne: akwai littattafai, akwai data, akwai malamin lesin na lissafi da kimiyya da zarar yaro ya wuce aji 4. Turanci ma abin lura ne, domin yaron da Hausa kaɗai yake ji a gida, da Turanci zai rubuta jarrabawa. A sauko da manhajar 2019 ta NaCCA, hukumar tsara manhaja ta ƙasa, daga intanet a riƙa bin ta, don kada a yi ta tafiya ba ma'auni.

Sai maganar takarda, wadda ita ta fi damuna. Karatun sakandare kyauta da aka fara a 2017, ta sakamakon BECE ake shigarsa. WAEC na da BECE ta masu zaman kansu, amma a je ofishinsu a ji sharuɗɗan tun yaro bai kai shekarun JHS ba. Dokar ƙasa ta wajabta ilimin matakin farko, saboda haka a sanar da ofishin ilimi na gunduma, a kuma adana littattafan aikin yaron.

Ni dai da za a nemi shawarata, gida ya fi dacewa da ƙananan shekaru, ko shekarun hadda da aka ƙayyade, lissafi da Turanci na tafiya kullum. Kafin JHS 1 a mayar da shi aji.