Hayar mota da gidan haya a gaɓar yammacin Ayilan: ya biya, amma da sharaɗi

Ga iyali mai yara, hayar mota daga filin jirgin Dublin da kama gida mai kicin na mako guda a gundumar Clare ko ta Kerry ya fi otal da bas ɗin 'yan yawon buɗe ido. Sharaɗin shi ne kada a yi haɗamar tafiya. Hanyar gaɓar teku da ake kira Wild Atlantic Way ta kai kusan kilomita 2,500 daga Donegal zuwa Kinsale, kuma wanda ya ce zai cinye ta a mako ɗaya, yara a cikin mota za su yi hutunsu.

Motar ce ke da tarkuna. Yawancin na haya masu giyar hannu ne, ana tuƙi ta hagu, don haka giyar tana hannun hagu. Mai son otomatik ya kama tun da wuri, ya kuma shirya ƙarin kuɗi. A ɗauki ƙarama gwargwadon kaya, domin titunan ƙauye matsattsu ne, da katangar duwatsu ko shinge dama da hagu, kuma madubi da gefen taya ne ke fara jin jiki. Shi ya sa cikakkiyar inshora ba almubazzaranci ba ce, musamman da yake kamfanoni kan riƙe maƙudan kuɗi a kati a matsayin jingina. Titin M50 da ya zagaye Dublin ba shi da shingen karɓar kuɗi: kyamara ke ɗaukar lamba, a biya kafin ƙarfe 8 na daren washegari, in ba haka ba tara ta hau. A gidan mai, koren famfo fetur ne, baƙi dizal. Yaron da bai kai santimita 150 ko kilo 36 ba, doka ta ce sai da kujerar yara.

Tsaunukan Moher da ke bakin teku a Clare, masu tsayin mita 214 a ƙololuwa, sun cancanci zuwa, amma da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da bas-bas suka ragu. A riƙe hannun yara, iskar wurin ba ta wasa. Zagayen Kerry, wato hanyar yawon buɗe ido da ake kira Ring of Kerry, kilomita 179 ne, a taswira kamar tafiyar awa uku, a zahiri yini guda. Na Slea Head a Dingle ya fi gajarta, ya fi dacewa da ƙananan yara.

Gidan haya kuwa, fa'idarsa girki. Naman halal yana wuya a ƙauyuka, sai a yi cefane a Dublin, Limerick ko Galway. Kifi dai ko'ina akwai. A tambayi mai gida yadda ake kunna tukunyar ruwan zafi, don a gidaje da yawa sai an kunna ta an jira.

"Bazara" a nan suna ne kawai: zafi kan tsaya tsakanin digiri 15 da 20, yayyafi ba ya sallama, ruwan teku kamar na randa a hunturu. Rigar ruwa ta fi lema amfani saboda iska. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, don haka Isha'i da Asuba suna kusa da juna.

Bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, ba ta shiga Ayilan, kuma mai fasfon Najeriya da zai tsallaka zuwa Ayilan ta Arewa, wadda ke ƙarƙashin Birtaniya, sai da bizar Birtaniya daban, ko da babu shinge a kan iyakar.