Wata uku ina biyan manhajar tambari, ƙanwata ce ta kamo ɓarauniyar

Ni dai sana'ata lalle ce, a Gyaɗi-Gyaɗi nake a Kano, hotunan da nake ɗorawa kuwa su ne shagona. Wani yaro a kasuwar waya ta Farm Centre ne ya saka min wata manhaja da masu ɗaukar hoto ke ta yabo. Tana manna sunanki a jikin hoto, wai kuma akwai wani tambarin ɓoye da ido ba ya gani, duk inda aka kai hoton za ta sanar da ke. Ta kuɗi ce, ba kyauta ba. Na biya.

Wata uku shiru, har na saki jiki. Ranar wata Alhamis ina tsaka da ɓare wa amarya salatif a ƙafa, ƙanwata ta miƙo min waya: "Yaya, wannan ba hannun amaryarmu ta Ɗorayi ba ne?" Wallahi shi ne. Zanen da na yi awa huɗu a durƙushe a kansa, har ɗan tabon ƙuna da ke babban yatsanta yana nan. An yanke gefen da sunana yake, an ɗora lambar wata, wai aikinsu ne, a zo a kama layi kafin Sallah. Na buɗe manhajar, hannuna duk lalle, ta ce ba ta gano komai ba. Na tura ƙorafi, amsar na'ura ta dawo da Turanci, wai ba sa iya leƙa shafukan sada zumunta. To a ina ake satar hoto in ba can ba? A kasuwar Kurmi?

Google Lens, manhajar neman hoto a intanet da ba a biyan ko sisi, ina saka hoton ya fito min da shi a wasu shafuka biyu.

Amma fa ba zan ci haƙƙin manhajar tambarin ba. Tana ajiye asalin hoto da ranar da aka ɗauka, da shi na cike fom ɗin ƙorafin haƙƙin mallaka na Instagram, ba a yi sati ba aka sauke. Mijin ƙawata lauya ne, ya ce a dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a 2023, hoto naki ne tun daga lokacin da kika ɗauka, ba sai kin yi rajista ba. A nan na ɗan huce, har na ce tauraro uku zan ba ta.

Sai ga saƙon banki da asuba, sun sake cirar kuɗi bayan na soke! Baiwar Allahn da ta sace hoton kuwa har yau hoton yana status ɗinta na WhatsApp. Tauraro biyu. Yanzu katina nake saƙalawa tsakanin yatsun amarya kafin in ɗauka, mai son yankewa sai dai ta yanke da yatsun.