BPC-157 ɗin da ake tallatawa a Instagram, ni dai ban gamsu ba

Jama'a wannan allurar BPC-157 da 'yan jim suke ta yayi wai tana kashe kumburi da ciwon gaɓa, na yi oda a wani shafi saboda gwiwar ƙanena, gaskiya ko tauraro biyu ba zan ba su ba. 'Yar kwalba ce da farin gari a ciki, an rubuta da Turanci wai don bincike ne kawai ba don mutum ba, babu lambar NAFDAC, babu takardar bayani.

Abin da ya fi ɓata min rai, su da bakinsu suka ce a ajiye a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, sai ga ɗan aike ya kawo ta a leda cikin ranar Kano, ba ƙanƙara ba komai, kwalbar har ta yi ɗumi a hannuna. Na tambayi mai sayarwa yadda ake haɗa garin ya zama allura, saƙon murya kawai ya turo yana kame-kame.

Mai kemis ɗinmu ya ce wallahi ba zai yi wa kowa allurar nan ba, yawancin gwajinta a kan ɓeraye aka yi, kuma WADA, hukumar duniya mai yaƙi da magungunan ƙara kuzari a wasanni, ta haramta ta ga 'yan wasa tun 2022, ƙanena kuwa ƙwallo yake bugawa. Kuɗina sun ƙi maidowa. Yanzu asibitin ƙashi na Dala muke zuwa.