"Wata Baiwar Allah" ko "Ni"

Sau biyu na rubuta labarin takabata. Na farko na buɗe shi da "wata baiwar Allah a Fagge", yadda muka saba ji a rediyo. Wannan salon yana da ranarsa: yana rufa asiri, dangin miji ba za su ce na tona musu ciki ba. Amma da na sake karantawa, sai na ji kamar labarin maƙwabciya.

A na biyu na ce "ni". Na rubuta wata huɗu da kwana goman nan yadda suka wuce: hularsa zanna bukar a rataye jikin ƙusa, da yadda nake zuba masa tuwo bayan magariba, sai na ɗauko murfin kwano in tuna. Har abin da ya fi min nauyi na faɗa, cewa akwai daren da na ji haushinsa don ya bar ni da yara uku. Hannuna na rawa na rubuta layin.

Yayata ta ce, "Ke kuwa ba kya jin kunya?" Ina ji, Yaya. Amma kan wannan ne wata daga Kurna ta kira ni tana kuka, ita ma tana cikin takaba. Sunansa da na yaran dai ban saka ba.