Shimfiɗaɗɗiya ko mulmulalliya: siffar duniya a ma'auni

Mai cewa duniya a shimfiɗe take ido ne hujjarsa, domin wanda ya tsaya a fadamar Argungu ba abin da zai gani sai shinkafa kwance har iyakar ganinsa. Sai dai wannan ra'ayi ya kasa bayyana dalilin da ya sa mutanen Maiduguri ke shan ruwa da azumi fiye da minti 30 kafin mu a Birnin Kebbi, alhali rana ɗaya ce.

Mai cewa mulmulalliya ce kuwa yana da amsa: tana juyawa daga yamma zuwa gabas, shi ya sa rana ke fara faɗuwa a garuruwan gabas. Inuwarta a kan wata lokacin husufi ma kullum a zagaye take. Ni dai wannan ta gamsar da ni, kuma cewa duniya mulmulalliya ce shi ne ra'ayin da Ibn Hazm, malamin Andalus, ya kare tun ƙarni na 11.