Yini guda a filin tseren babura: sharhi kan horon da na halarta

Na shafe shekaru ina hawan babur a kan titi, har na fara ɗaukar kaina gwani, kafin in yi rajista da wani kamfani da ke hayar filin tsere yana shirya wa masu baburan gudu yinin horo. Tsarin irin wannan yini sananne ne a duk inda ake yin sa. Ana rufe filin ga mahalarta kaɗai, kowa yana tafiya ta fuska ɗaya, babu mota mai tahowa, babu mahaɗar hanya, kuma ba a ba kowa kofi, domin ba gasa ake yi ba. Na je da Yamaha R7, babur mai silinda biyu da inji cc 689 wanda aka fito da shi a 2021, kuma na dawo da ra'ayin cewa kuɗin da na biya bai tafi a banza ba, ko da yake akwai wuraren da masu shiryawar suka gaza, waɗanda zan ambata a inda suka dace.

Da sassafe aka fara da duba babura, kuma a nan na fara ganin cewa mutanen sun san aikinsu. Bakaniken ya matsa birkin gaba ya ji taurinsa, ya leƙa kaurin abin da ya rage na takalmin birki, ya ɗaga sarƙa da yatsa, ya murɗa totur ya sake shi don ya tabbatar yana komawa da kansa, sannan ya durƙusa yana neman ɗigon baƙin mai a ƙarƙashin inji. Ya sa na cire maduban biyu, na kuma manne fitilu da tef saboda kada gilashi ya watse a kan kwalta idan an faɗi. Cire madubin ya fi damuna, domin na saba leƙa baya kowane lokaci, amma ƙa'idar filin ita ce alhakin wucewa lafiya yana kan wanda ke baya, shi kuwa na gaba aikinsa ya riƙe layinsa kawai. Iskar taya ma an rage ta. Manyan baburan gudu da yawa ana ba su fam 36 a gaba da 42 a baya don tafiyar titi, amma a fili taya tana ɗaukar zafi sosai, iskar cikinta ta kumbura, saboda haka ake farawa da ƙasa da hakan. Kayan jiki kuwa babu sassauci a kansu: rigar fata mai haɗe da wando ko wadda zif ya zagaye ƙugunta, hular kwano mai rufe fuska duka, safar hannu mai rufe wuyan hannu, dogon takalmi, da abin kare gadon baya. Wasu sun zo da riga mai jakar iska, irin wadda aka wajabta wa matuƙan MotoGP, babbar gasar tseren babura ta duniya, tun 2018, amma kamfanin bai tilasta ta ba.

An raba mu rukuni uku gwargwadon gogewa, kowane rukuni yana shiga fili na minti 20, wanda shi nake kira zagaye, sannan ya fito ya huta minti 40, wanda a cikinsa ake yin darasi a aji. Bayanin tutoci ya fita sarai. Rawaya tana nufin akwai hatsari a gaba, a rage gudu kuma kada a wuce kowa, ja tana nufin an dakatar da zagayen, baƙa kuma kira ce ga mutum ɗaya ya fito a yi magana da shi, sai mai ratsin rawaya da ja da ke gargaɗin cewa kwalta tana da santsi.

Zagaye na farko shi ne wanda ya karya mini girman kai. Mai horarwa ya umarce mu da mu zauna a giya ɗaya, kuma mu yi ƙoƙari kada mu taɓa birki sai dole, wato mu daidaita gudun shiga kwana da totur kaɗai. A raina na ce an raina mana hankali, tunda mun zo ne don mu ba da wuta. Ban kammala kewaya filin sau biyu ba na gane cewa ashe duk shekarun nan ban taɓa sanin gudun da nake shiga kwana da shi ba. Abin da na saba yi shi ne in taho a guje, in matse birki cikin fargaba, in rage fiye da yadda ake buƙata, sannan in murɗa totur da ƙarfi don in rama. Da aka ɗauke mini birkin, sai ya zama dole in ɗaga kai in dubi kwanar tun daga nesa in yanke shawara da wuri. A ganina wannan darasi shi ne mafi daraja a cikin duk abin da kamfanin ke sayarwa, kuma sun yi daidai da suka sa shi a farko, lokacin da tayoyi ba su ɗumama ba kuma zukata ba su natsu ba.

Daga nan aka shiga batun yadda babur ke juyawa, wanda yawancin mahaya ke yi ba tare da sun san suna yi ba. Idan babur yana gudu kuma ana son shan kwanar dama, hannun dama ake turawa gaba kaɗan. Tayar gaba takan karkata hagu na ɗan ƙiftawar ido, gindin babur ya fice daga ƙarƙashin nauyinsa, sai ya kwanta dama, kuma kwanciyar ce ke juya shi. Keith Code, wanda ya kafa California Superbike School a Amurka a 1980, ya taɓa ƙera babur mai kai na biyu da aka ɗaure a jikin firam ba ya motsi, don ya nuna cewa jingina jiki kaɗai ba ya iya juya babur mai gudu yadda ya kamata. Malaminmu bai da irin wannan babur, amma ya sa mu gwada turawar da gangan a wata doguwar kwana, kuma na ji yadda babur ya kwanta nan take da ɗan matsin tafin hannu, abin da a da nake kokawa da shi da kafaɗu da ƙugu.

Abin da ya bambanta wannan kamfani da hayar fili kawai shi ne masu horarwa da ke shiga tare da ɗalibai. A zagaye na huɗu ɗaya daga cikinsu ya bi ni a baya da kyamara, sannan ya wuce ni, ya bubbuga bayan kujerarsa da hannun hagu, alamar in bi sawunsa. Bayan mun fito ya nuna mini hoton bidiyon a kwamfuta, kuma ban ji daɗin abin da na gani ba. Hannuwana a miƙe suke kamar sanduna, nauyina duka yana kan kan babur, kaina kuma a sunkuye ina kallon kwaltar da ke gaban taya. Ya tsayar da hoton a daidai wurin da nake saurin shiga wata kwanar hagu, ya nuna mini da yatsa yadda shiga da wuri ke sa mutum ya taɓa gefen ciki tun kwanar ba ta yi nisa ba, daga nan kuma layin ya tura shi waje a wurin fita, inda fili ya ƙare. Maganin da ya ba ni bai da yawa: in matse tanki da cinyoyi don hannuwa su saki, in jinkirta shiga, in kuma kai idona wurin fita tun kafin babur ya kai tsakiyar kwanar. Ya ƙara da gargaɗin cewa babur yana bin ido, don haka wanda ya ƙura wa tsakuwar gefen fili ido cikin tsoro, can zai nufa.

Bayaninsa kan riƙon taya ma ya gamsar da ni. Wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma riƙon da ke wurin yana da iyaka, wanda birki da kwanciya da totur ke rabawa a tsakaninsu. Duk abin da kwanciya ta ci, birki ba zai samu ba. Shi ya sa ƙwararru ke matsa birkin gaba sosai yayin da babur ke tafiya a miƙe bai kwanta ba, su riƙa sakinsa a hankali gwargwadon yadda suke kwantar da shi, kuma shi ya sa ake buɗe totur sannu a hankali ba tare da yankewa ba da zarar an gama juyawa, domin nauyi ya koma baya kaɗan, shokazoba ta daidaita. Ya bambanta mana faɗuwa iri biyu. A ta farko taya ce ke sulɓewa, mahayi da babur su zame a ƙasa. A ta biyu, wadda ta fi muni, tayar baya ce ke zamewa, mahayi ya firgita ya saki totur gaba ɗaya, tayar ta sake cafke kwalta farat ɗaya, babur ya miƙe da ƙarfi ya wurga shi sama.

Inda na ga gazawa shi ne yadda aka bar batun sa gwiwa a ƙasa ya mamaye zukatan mutane. Kamfanin ya kawo mai ɗaukar hoto ya tsugunar da shi a kwana mafi kyau, kuma tun kafin rana ta yi tsaka wasu suka koma zamewa daga kujera suna miƙa gwiwa don hoto, babur kuwa kusan a tsaye. Asalin dabarar tana da dalili mai kyau. Mahayi yana matsar da nauyinsa zuwa cikin kwana ne don babur ya rage kwanciya a gudu iri ɗaya, ya rage wa taya aiki. Jarno Saarinen ɗan ƙasar Finland, zakaran duniya na ajin cc 250 a 1972, yana cikin waɗanda suka fara hawa haka, Kenny Roberts na Amurka kuma, wanda ya ci kambun cc 500 sau uku a jere daga 1978 zuwa 1980, ya yaɗa salon har yana naɗe gwiwoyinsa da tef. A yau matuƙa irin su Marc Márquez suna kwanciya fiye da digiri 60 har gwiwar hannu na shafar kwalta, amma a kan tayoyin tsere marasa zane da aka ɗumama da bargon lantarki. Duk wannan bayani malamin aji ya yi shi cikin minti kaɗan da yamma, bayan an riga an ɗauki hotunan, alhali da safe ya kamata a yi shi.

Matsala ta biyu ita ce cunkoso a rukunin tsakiya. Kowa ya zaɓi rukuninsa da kansa lokacin rajista, kuma da yake ba mai son a kira shi sabon shiga, can aka fi taruwa. Wani mai babur na cc 1000, irin waɗanda ƙarfinsu ya haura doki 200, yakan wuce ni kamar walƙiya a miƙaƙƙen layi, sannan ya tsaya mini a gaba a kowace kwana kamar ya ga rami, har sai da na bi ta hanyar fita na sake shigowa don in sami sarari. Masu horarwa sun sauya wa mutum biyu rukuni bayan hutun rana, amma da sun yi haka tun bayan zagaye na biyu da an rage ɓata lokaci. Darussan aji ma sun riƙa gajarta yayin da yini ke tafiya, musamman bayan an ɗaga jar tuta sau ɗaya aka ci lokacin kowa. A ɓangaren tsaro dai ba ni da ƙorafi, domin motar ɗaukar marasa lafiya tana wurin tun safe, kuma ba a sake buɗe fili ba sai da aka share tsakuwar da ta hau kwalta.

Ban shiga zagaye na ƙarshe ba. Cinyoyina sun gaji, hankalina ya fara rarrabuwa, na kuskure wurin matsa birki sau biyu a jere, kuma mai horarwar da kansa ya goyi bayan in tsaya. Da na durƙusa in mayar da iskar taya yadda take don tafiyar titi, na ga robar ta narke ta yi ƙananan dunƙule har kusa da gefe, abin da ban taɓa gani a tayata ba, alhali a ji na ban yi gudun da na saba ƙoƙarin yi ba. Zan ba duk mai baburin gudu shawarar ya halarci irin wannan horo, da sharaɗin ya tambayi adadin ɗalibai da kowane mai horarwa ke kula da su kafin ya biya, ya kuma zaɓi rukunin sababbi a zuwansa na farko komai daɗewarsa a kan titi. Ni kam na yi niyyar komawa, kuma zan nemi a ware mini zagaye guda kan sakin birki a hankali yayin shiga kwana, wanda a wannan karon aka yi mana bayaninsa a aji amma ba mu samu damar gwada shi a fili ba.