OCRE: shafin da ke gane maka tsabar Rumawa kyauta

Masu sayar da kayan tarihi a Marwa, Garwa da Injamena da kan ci karo da tsabar da aka ce ta Rumawa ce, shafin intanet na OCRE (Online Coins of the Roman Empire) ya cancanci zama a wayarku. Ƙungiyar American Numismatic Society ce ke tafiyar da shi, ba a biyan ko dala, kuma ya tattaro kuɗaɗen sarakunan Rum tun daga Augustus, shekara 31 kafin haihuwar Annabi Isa, har zuwa Zeno a 491. Ana iya juya shi zuwa Faransanci. Hotunansa na cin data, a wurin da rezo ba shi da ƙarfi sai an yi haƙuri.

Ƙarfinsa yana wajen bincike da rubutu. Ko haruffa biyar kaɗai suka rage a gefen tsabar, ka shigar da su, ka zaɓi ƙarfen, azurfa ko tagulla, zai rage maka yawan waɗanda za ka duba. COS da lambar da ke binsa na nuna karo nawa sarkin ya riƙe muƙamin konsul, babban muƙamin mulki a Rum, TR P kuma, ikon wakilin talakawa da sarki ke riƙewa, kusan duk shekara ake sabunta shi, da su ake fitar da shekarar bugawa. SC a bayan tagulla na nufin da izinin majalisar dattawa.

Wajen alamomi ne ya fi burge ni, domin yana faɗin wace ce a tsaye da abin da ke hannunta. Mace mai reshen zaitun Pax ce, zaman lafiya. Mai sikeli Aequitas ce, adalci a awo. Mai fukafukai da ganyen dabino Victoria ce. Wadda ta sa fatar kan giwa a ka kuwa Afirka ce, tana kan kuɗin Hadrian da na Septimius Severus, haifaffen Leptis Magna a Libiya ta yau. Hoton kada a kan dinari, kuɗin azurfa na Rumawa, na shekara 28 kafin haihuwar Annabi Isa shelar cin ƙasar Masar ce. A lura da kambi ma: mai tsinaye kamar hasken rana alamar kuɗi mai ninki biyu ce, da shi ake raba tsabar antoninianus da sarki Caracalla ya fito da ita a 215 da dinari mai kambin ganye.

Sai dai shafin ba ya tantance ta gaske da jabu, ba ya kuma ba da daraja, wato matakin kyau ko shafewar tsabar. Nan mutane ke asara, su ga hoto ya yi daidai su biya. Ai maƙerin jabu ma daga ta gaske ya kwafa. Ka nemi sikelin maƙeran zinariya mai auna 0.01 na giram da madubi mai ninka girma sau 10. Dinarin Augustus yana kusa da giram 3.9, bayan gyaran Nero a 64 ya koma wajen 3.4, zinariyar solidus kuwa 4.5. Rumawa da guduma suke bugawa, don haka layin haɗi a baki, ƙananan ramuka irin na kumfa da haruffa masu laushi duk alamun zubi ne.

Daraja kuma, dillalan Faransa da matakan B, TB, TTB, SUP da FDC suke aiki, daga tsabar da ta shafe sosai zuwa wadda take kamar sabuwa. Fara duba wuraren da suka fi tudu: gashin saman kunne, ganyen kambi, kunci. Idan gashin ya shafe amma rubutu na karantuwa, TB ce. Idan silin gashi na rarrabuwa, ta kai TTB. Kada a haɗa gogewar hannu da raunin bugu, tsabar da guduma ba ta kama da kyau ba takan fito a shafe tun ranar farko.

Don Allah a bar wanke su da lemun tsami ko toka. Koren rufi mai santsi a jikin tagulla shi ne rabin kuɗinta. Koren gari mai fiffikewa ne cuta, danshi ke ciyar da shi, musamman da damina. Irin wannan a ware ta daga sauran, a ajiye ta a kwalba mai murfi tare da ƙunshin silika.